Shin Ɗan Tunku "Basal" Ne? Nazari a Kan Aron Kalmomin Mulkin Fiyudal Wajen Bayanin Daular Usmaniyya

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin ma'anar kalmar "basal" a tsarin mulkin Turai na tsakiyar zamani, sannan ta auna yadda M. G. Smith da H. A. S. Johnston suka yi amfani da ita wajen bayanin dangantakar sarakunan ƙasar Hausa da Sarkin Musulmi. An ɗauki rikicin Ɗan Tunku na Kazaure da Sarkin Kano Ibrahim Dabo (1819 zuwa 1824) a matsayin ma'auni. An gano cewa kalmar ta kasa bayyana alaƙar amiri da limami, amma ta yi kusa da barantaka. An kuma nuna cewa ma'aunin fiƙihu ya fi ta tsanani wajen hukunta zaluncin masu mulki.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Mai mulki na haƙiƙa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ɗalibin da ya fito daga Kanya Babba ko Roni ko Gwiwa, idan ya buɗe littafin tarihin ƙasarsa da Turanci, zai tarar an kira sarkinsa "basal" na Sakkwato, an kira garuruwan da hakimi ke riƙe da su "fif". Idan ya koma ga littattafan Larabci na zamani, sai ya ga an fassara mulkin fiyudal da "nizamul iƙɗa'i". Daga nan sai ya ɗauka cewa iƙɗa'in da ya karanta a babin raya matacciyar ƙasa shi ne abin da Turawa suka yi a Faransa. Ruɗanin ya zo masa ta ƙofa biyu, kuma da shi zai yanke hukunci a kan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da abin da ya haifar.

Littattafai biyu ne suka fi kafa wannan lafazi a zukatan masu karatu: Government in Zazzau na Smith (1960) da The Fulani Empire of Sokoto na Johnston (1967). Dukansu ayyuka ne masu daraja. Smith ya tattara bayanan sarautun Zazzau da ƙwazon da ba a musunsa, Johnston kuwa ya daɗe yana aikin mulki a Arewa, ya ji Hausa, ya saurari riwayoyi. Abin dubawa shi ne mudun da suka auna da shi, ko ya dace da hatsin da aka zuba a cikinsa.

2.0 Ma'anar basal a inda aka haifi kalmar

Asalin kalmar daga Latin ne, ita kuma ta aro ta daga harshen Kelt, inda take nufin yaro ko mai hidimar gida. A zamanin sarakunan gidan Sharlaman, cikin ƙarni na 8 da na 9, darajarta ta ɗaukaka har ta zama sunan ɗa mai 'yanci, mayaƙi a kan doki, wanda ya miƙa kansa ga wani babba.

Ana ƙulla wannan alaƙa da al'ada sananniya. Mutum zai durƙusa ba hula ba makami, ya sa hannayensa biyu cikin hannayen ubangidansa, ya furta cewa ya zama mutuminsa, sannan su sumbaci juna. Sai ya yi rantsuwar amana a kan Linjila ko kan kayan tarihin waliyyansu. A ƙarshe ubangida ya miƙa masa wata alama, sanda ko dunƙulen ƙasa ko tuta, wadda ke nuna ya ba shi fif, wato ƙasar da zai ci amfaninta a madadin hidimarsa. Galbert na birnin Buruj ya siffanta irin wannan biki da aka yi wa sabon mai mulkin Falandas a 1127.

Wajiban ɓangarorin biyu ma sanannu ne. Wasiƙar da Fulbert, babban limamin cocin Shartar, ya rubuta wajen 1020 ta nuna cewa basal ba zai cutar da ubangidansa a jikinsa ko dukiyarsa ko mutuncinsa ba, zai kuma taimake shi da ƙarfi da shawara, shi ma ubangida ya saka masa da kwatankwacin haka. Al'ada a wurare da yawa ta taƙaita hidimar yaƙi ga kwana 40 a shekara. Takardar Magna Carta ta Ingila (1215) ta ambaci lokuta uku na gudummawar kuɗi: fansar ubangida idan an kama shi, bikin shigar babban ɗansa sahun mayaƙa, da auren babbar 'yarsa.

Siffofi huɗu ne suka bambanta wannan alaƙa. Na farko, ƙulli ne tsakanin mutum biyu kawai, manomin da ke noma ƙasar ba ya cikinsa. Na biyu, tana tafiya hawa-hawa, kuma masana dokar Faransa sun tafi a kan cewa basal ɗin basal ɗinka ba naka ba ne. Na uku, mutum na iya zama basal na iyayengiji da yawa a lokaci guda. Sarkin Ingila kansa basal ne na sarkin Faransa a kan Normandi, kuma da wannan hujja Filib na Biyu ya yanke hukuncin ƙwace ƙasashen Sarki Jon a 1202, ya kama Normandi a 1204. Na huɗu, ana iya warware ƙullin idan ɗaya ya ci amana, ta hanyar jefar da tsinke ko karya shi a bainar jama'a.

Ya kamata a san kuma cewa masana tarihin Turai ba su haɗu a kan wannan hoto ba. Marc Bloch (1939) da F. L. Ganshof (1944) ne suka daidaita shi. Elizabeth Brown a 1974 da Susan Reynolds a 1994 suka nuna cewa lauyoyin baya ne suka haɗa yawancinsa daga littattafan dokar Lombadi na ƙarni na 12, suka shimfiɗa shi a kan zamunna da ƙasashen da al'adunsu suka saɓa. Mudun da masu shi ke gardama a kansa, wajibi ne a yi hattara kafin a kai shi kasuwar wasu.

3.0 Rikicin Ɗan Tunku a kan ma'auni biyu

Ibrahim Ɗan Tunku yana cikin jagororin jihadi a arewacin ƙasar Kano. Riwayar da ta shahara ita ce ya taka rawa wajen hana rundunonin sarakunan Kano da Katsina da Daura haɗuwa a kan jama'ar Shehu, kuma ya karɓi tuta. A zamanin Sarkin Kano Sulaimanu ya zauna cikin ƙasar Kano ba tare da fito-na-fito ba. Da Sulaimanu ya rasu a 1819 aka naɗa Ibrahim Dabo, sai ya ƙi bi. Aka yi ta yaƙi kimanin shekara biyar a yankin Ɗambatta da duwatsun Kazaure, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya shiga tsakani a 1824, ya tabbatar da Kazaure masarauta mai cin gashin kanta, mai bin Sakkwato kai tsaye.

Da harshen fiyudal, labarin mai sauƙi ne: basal ya jefar da tsinke, ya yi wa ubangidansa tawaye, ya ci nasara. Tutar ma ta ƙara ƙarfafa kamannin, tun da a Jamus ana ba da manyan fif da tuta. Sai dai wannan karatu ya bar tambaya babba ba amsa. Da wace hujja Bello ya cire yanki daga Kano ya ba wanda ya yaƙi sarkinta? A ƙa'idar da aka ambata, babban sarki ba ya tsallake basal ɗinsa ya janye na ƙasa da shi, domin hakan shiga haƙƙin na tsakiya ne. Da Kano fif ɗin Dabo ce, da hukuncin 1824 ƙwace ne.

Littattafan da shugabannin jihadi suka karanta suna da amsa. Al-Mawardi (ya rasu 450H/1058) a cikin Al-Ahkamus Sulɗaniyya ya bayyana amirin yanki a matsayin wanda limami ya wakilta. Ya lissafa ayyukansa: tsara runduna, naɗa alƙalai, tara haraji da zakka, kare addini, tsayar da haddi, limancin Juma'a, sallamar alhazai, da jihadi idan yankin na bakin iyaka. Waɗannan ayyuka amana ce ta wakilci. Wanda ya wakilta yana da ikon faɗaɗa da'irar wakilinsa ko taƙaita ta gwargwadon maslaha. Dabo kansa da yardar Bello ya hau. Saboda haka abin da aka taɓa a 1824 iyakar wilaya ce, ba a taɓa mallakar kowa ba. Ga kuma umarnin aya ta 9 ta Suratul Hujurati game da sulhunta ɓangarori biyu na muminai idan suka yi yaƙi, wanda nauyinsa ya fi hawa kan limami.

Al-Mawardi ya raba imarar yanki gida biyu: imaratul istikfa'i, wadda limami ke bayarwa bisa zaɓinsa, da imaratul istila'i, inda wani ya rinjayi yanki da ƙarfi, limami ya tabbatar da shi bisa sharuɗɗa don a tsare haɗin kan jama'a, hukunce-hukunce kuma su inganta. Lamarin Ɗan Tunku yana da rabo daga kowanne: tutarsa tana jan shi zuwa na farko, shekarun yaƙinsa suna jan shi zuwa na biyu. Wannan rabe-rabe ya fi kalmar aro amfani, domin bai ɓoye rawar da takobi ya taka ba, ya kuma faɗi dalilin da ya sa aka nemi tabbatarwa daga Sakkwato. Ɗan Tunku ya ƙi Dabo, amma bai fita daga mubaya'ar Sarkin Musulmi ba.

A nan ne bambancin ya fi fitowa. Mubaya'ar da aka yi wa Shehu a Gudu a 1804 ƙulli ne na jama'a da shugabanta a kan Littafi da Sunna. Manomi da makiyayi suna cikinta ta hanyar ma'abota ƙullawa da warwarewa. Ba a yin ta ga limamai biyu a lokaci guda, alhali basal na iya riƙe iyayengiji uku. Ɗa'ar da ta wajabta tana tsayawa inda saɓon Allah ya fara. Sharaɗinta shari'a ce, ba a ƙulla ta a kan musayar gona da hidima. Sakkwato ta kuma nuna a aikace cewa sarakuna wakilai ne: an tuɓe Sarkin Zazzau Sidi Abdulƙadir, an tuɓe Sambo a 1888, kuma Wazirin Sakkwato ya kasance ƙofar Kano da Zazzau, yana kai umarni yana duba al'amura. Murray Last, a littafinsa The Sokoto Caliphate (1967), ya fi kusa da wannan fahimta, saboda ya gina nazarinsa a kan wasiƙu da rubuce-rubucen Larabci na gidan Waziri.

4.0 Fif da iƙɗa'i da ƙasar hakimi

Kuskuren fassarar Larabci yana buƙatar gyara na musamman. Iƙɗa'i a wurin malaman fiƙihu iri biyu ne: na mallakarwa, wanda ya fi shafar matacciyar ƙasa da limami ke yanka wa mai raya ta, da na cin amfani, inda ake ba ma'aikaci ko soja izinin karɓar harajin wani wuri a madadin albashinsa. Babu ɗayansu da ke buƙatar durƙuso da sa hannu cikin hannu, babu kuma wanda ke mayar da mazauna wurin mallakar wanda aka ba. Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi bayanin hanyoyin keɓanta da matacciyar ƙasa a Ta'alimur Radi, ya kuma rubuta Diya'ul Hukkami a Kano don jagororin jama'a su san hukuncin mulki.

Abin da Smith ya kira fif a Zazzau, kuma akwai irinsa a Kano, ya fi kama da iƙɗa'in cin amfani. Garuruwa ne a warwatse da aka jingina wa wata sarauta. Mai sarautar yana zaune a birni kusa da sarki, jakadunsa ke zuwa karɓar haraji. Ranar da aka tuɓe rawaninsa, garuruwan sun bar hannunsa. Talaka ɗa kuwa yana gadon gonarsa, kuma idan zalunci ya ishe shi yana iya yin ƙaura, abin da manomin Turai ɗaurarre da ƙasa ba shi da ikon yi. Jack Goody ya ja hankali cewa a inda ƙasa ke da yalwa, ƙarfin mai mulki yana ga mutane da dawaki fiye da gonaki. Waɗanda ba su da ikon tashi su ne bayin da ke noma a rinji da gandayen sarauta. Bauta babi ne mai zaman kansa, da hukuncinsa da tambayoyinsa masu nauyi, musamman game da waɗanda aka kama ba bisa ƙa'ida ba. Lulluɓe shi da kalmar fiyudal sauƙaƙa shi ne.

Wani abin lura shi ne cewa gundumar hakimi mai dunƙulalliyar iyaka, wadda mai ita ke zaune a cikinta, aikin Turawa ce. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903 suka tattara garuruwa gunduma-gunduma, suka tura hakimai su zauna a can. Su ne kuma suka sa sarakuna rantsuwar biyayya ga sarkin Ingila, suka ba su takardar naɗi da sanda mai daraja ta ɗaya ko ta biyu. Hoton da marubutan tsakiyar ƙarni na 20 suka gani da idonsu ya riga ya sha fentin mulkin mallaka, sai suka mayar da shi baya zuwa zamanin Bello.

5.0 Inda littattafan suka yi gaskiya

Adalci ya hana a tsaya nan. Akwai alaƙa a ƙasar Hausa da ta yi kama da ta basal ƙwarai, ita ce barantaka. Mutum ya je ya yi caffa ga babba, ya zama baransa. Ubangida ya ba shi doki da riga, ya yi masa aure, ya nema masa sarauta. Shi kuma ya bi shi yaƙi, ya rufa masa asiri, ya tashi da tashinsa ya faɗi da faɗuwarsa. Idan ubangida ya yi sakaci da shi, yana iya sauya gida. Har kalmomin sun yi canjaras: can asalin basal yaro ne, nan ma ana cewa yaron wane ko da mutum ya yi furfura. Bayanin Smith a kan wannan alaƙa shi ne mafi ƙarfi a littafinsa. Inda ya zame shi ne ba da sunan da ya dace da ita ga wata alaƙa dabam da ke samanta.

Barantaka kuwa ta riƙa cin mubaya'a a hankali. Sarauta ta zama gado: Dambo ya gaji mahaifinsa Ɗan Tunku, gidan Dabo ya riƙe Kano, limami ya koma zaɓa daga cikin gida guda. Buhari na Haɗeja ya bijire wa Sakkwato a tsakiyar ƙarni na 19, jama'arsa suka tsaya masa har ya rasu a 1863. A basasar Kano (1893 zuwa 1895) Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur, Yusufawa suka ƙi, barori suka bi iyayengijinsu, Aliyu Babba ya hau da ƙarfin takobi. Gaisuwa da nau'o'in karɓe-karɓe da Shehu ya soki sarakunan Haɓe a kansu a Kitabul Farƙi sun dawo da sababbin riguna. Lokacin da 'yan NEPU suka riƙa jifan sarakuna da kalmar fiyudal bayan 1950, kalmar aro ce, amma kukan talakan da ke bayanta na gaske ne.

Saboda haka mai kare Daular Usmaniyya da ya ɗauko Usulus Siyasa na Bello ko Diya'ul Hukkami ya ce ga yadda aka yi mulki, shi ma ya yi kuskure. Waɗannan littattafai sun faɗi abin da ya wajaba. Abin da ya auku sai an nemo shi a wasiƙu da riwayoyi da koke-koken malamai na kowane zamani.

Sai dai akwai wata natija da masu son kalmar fiyudal ba su lura da ita ba. Idan hakimi mai fif ne, to cin amfanin ƙasar haƙƙinsa ne, domin a kan haka aka ƙulla. Iyakar abin da za a ce shi ne tsarin bai yi kyau ba. Idan kuwa wakili ne a kan amana, to duk abin da ya karɓa bayan haƙƙin da shari'a ta yanka masa ha'inci ne. Hadisin Ibnul Lutbiyya, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya isa hujja: ma'aikacin zakka ne ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa, Annabi (SAW) ya hau mumbari ya yi inkarin haka, ya nuna cewa muƙamin ne ya jawo kyautar. Da wannan ma'auni gaisuwar da jakada ya kai birni tana da suna a fiƙihu, tana da hukunci. Kalmar aro tana yi wa azzalumi rangwame ba tare da ta sani ba, domin ta mayar da cin amana al'adar zamani.

6.0 Kammalawa

Basal a Turai ɗa ne da ya ƙulla amana ta kansa da wani babba a kan hidima da ƙasa. Amirin Daular Usmaniyya wakilin limami ne a kan jama'ar da ke cikin mubaya'a guda. Ɗan Tunku bai shiga siffar farko ba a alaƙarsa da Sakkwato, kuma hukuncin 1824 ba ya fahimtuwa sai da ta biyu. Smith da Johnston sun ga barantaka da idon basira, sai suka ɗauke ta a matsayin dukan ginin.

Abin da ya kamaci ɗalibi, duk inda ya ci karo da wannan kalma, shi ne ya yi tambaya uku: wa ya ƙulla da wa, a kan wane sharaɗi, kuma wa ke da ikon warwarewa? Masu fassara zuwa Hausa su ma su bar kowace alaƙa da sunanta: mubaya'a, wilaya, caffa, barantaka, amana, bauta. Ƙasar Ɓaɓura, inda Kanya Babba take, ta kasance ƙarƙashin Kano har zuwa 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ta koma masarautar Ringim. Iyaka ta sauya, gonakin suna hannun masu su. Wanda aka ɗora a kansu, jiya da yau, za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Allah ne Mafi sani. Allah Ya shiryar da shugabanninmu, Ya jiƙan magabatanmu.